Daga Juji Zuwa Gona: Yadda Ƙasar Kano Ta Rayu da Shararta

Gabatarwa

Bahaushe ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa. Galibi ana kawo wannan karin magana ne don a ba shugaba haƙuri, a tuna masa cewa jure maganganun jama'a yana cikin nauyin girma. Amma duk wanda ya taɓa ganin yadda kabewa ke yaɗo a kan tsohon juji da damina ya san akwai wata ma'ana a ƙarƙashin ta farko. Juji yana karɓar abin da aka ƙi, ya riƙe shi wata da watanni, sa'an nan ya mayar da shi baƙar ƙasa mai albarka. Mutanen da suka kamanta babba da juji ba su ɗauki juji wurin asara ba.

A 'yan shekarun nan masana sun yawaita magana a kan abin da suke kira tattalin arziki mai kewayawa, wato tsarin da abin da wata sana'a ta zubar zai zama kayan aikin wata, har ya kasance kaɗan ne ke fita daga da'irar amfani. Ana danganta tushen wannan tunani da wata maƙala da Ba'amurke Kenneth Boulding ya gabatar a 1966, inda ya kamanta duniya da kumbon sama jannati, wanda ba shi da inda zai ɗebo sabon guzuri, ba shi kuma da bayan gari da zai zubar da shara. Ƙasar Sin ta kafa doka a kan tsarin a 2008, Tarayyar Turai kuma ta fitar da nata shirin a 2015. Idan zancen ya iso gare mu, yakan iso ne da rigar baƙunta, kamar wani ilimi da za mu fara koya daga baƙi da wasali.

Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne ƙasar Kano ta rayu a kan irin wannan tsari shekaru aru-aru kafin a laƙaba masa suna. Zan bi sawun abu biyu, takin da jaki ke fitarwa daga birni da katsin da marini ke kwashewa daga ramin karofi, domin in gano abin da ya riƙe tsarin, da abin da ya tsinka shi, da kuma waɗanda ke ƙoƙarin ɗinke shi a yau ba tare da an ce musu sannu ba.

Jakin da Ba Ya Komawa Gida Fayau

A yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma, manomin da ya noma gona shekara uku ko huɗu yakan bar ta ta huta, ya je ya sari sabon daji, sai bayan shekaru ya dawo wa saurar. Wannan dabara tana yiwuwa ne inda ƙasa ke da yalwa, mutane kuma ba su da yawa. Kewayen birnin Kano bai samu wannan sarari ba. Tun da aka fara gina ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, birnin yake jan jama'a, kuma kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara masa kwarjini a idon fatake. Da Bajamushe Heinrich Barth ya iso a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, ya ce kuma sukan ninka a lokacin da ayari ke sauka. Duk waɗannan bakuna daga gonakin da ke kewaye suke ci. Ƙauyuka suka matsu, gona ta haɗa iyaka da gona, hutun ƙasa ya ƙare.

Bisa ƙa'ida, ƙasar jigawa da ake nomawa kowace shekara ba hutu takan gaji, ta mutu. Ta Kano ba ta mutu ba. Wannan shi ne abin da ya ja hankalin Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar da ilimin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero ta Kano. A binciken da suka wallafa da abokin aikinsa a 1965, da waɗanda suka biyo baya, ya nuna cewa ɗaruruwan mutane ne ke zaune a kowace murabba'in kilomita a karkarar da ke dab da birnin, kusan kowane taƙi na ƙasa ana noma shi duk shekara, amma gero da dawa ba su daina fitowa ba. Sirrin bai wuce taki ba, kuma wani kaso mai tsoka na takin daga cikin birni yake fitowa.

Ga yadda abin yake tafiya. Da rani, bayan an gama girbi, baƙauye zai ɗaura wa jakinsa itacen girki ko kara ko harawa, ya kama hanya da asuba, ya shiga birni ta ƙofar da ke fuskantar garinsu. Idan ya sayar da kayansa, ba zai koma da jaki fayau ba. Zai bi gidaje da lunguna ya cika mangala da tokar murhu, da kashin awaki da tumaki da aka share daga turke, da kashin doki daga bargar masu sarauta, da ruɓaɓɓiyar sharar tsakar gida. Idan ya isa gona sai ya juye ta tsibi-tsibi, ta zauna har gab da faɗuwar damina, sa'an nan a baza ta a bi da garma. Itacen da ya shigo birni jiya ya dafa tuwo, yau ya koma gona a matsayin toka. Harawar da akuyar birni ta ci ta koma inda aka yanko ta. Birni ya ci daga karkara, ya kuma biya bashin da abin da ya rage a tsakar gidansa.

A cikin gonar kanta ma ba a san abin zubarwa ba. Karan dawa ya zama darni da rufin ɗaki da gado da makamashi, tokarsa kuma a tace ta a sami ruwan tokar miya, ko a haɗa da mai a yi sabulu. Dusa ta tafi wurin dabba, ƙaiƙayi ya shiga kwaɓin ƙasar gini. Harawar wake da ta gyaɗa ana ɗaure ta a kan bishiya ko rufin soro, a yi ta ba dabbobi har ƙarshen bazara. Bafulatani ya sauka da shanunsa a gonar da aka girbe, su ci kara su bar taki, mai gona ya ba shi dame don ya ƙara kwana. Gawo kuwa, da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, an bar shi tsaye a tsakiyar gona saboda an lura amfanin da ke ƙarƙashinsa ya fi kyau. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan a takarda. Ƙarancin ƙasa ne ya koya wa manomi lissafi, shi kuma ya koya wa ɗansa.

Katsi, Gashin Jima da Laso

Idan labarin taki ya nuna alaƙar birni da karkara, labarin laso yana nuna alaƙar sana'a da sana'a, kuma a ganina shi ne mafi ban sha'awa a duk tarihin masana'antun Kano.

Rini tsohuwar sana'a ce a birnin. Ana cewa marinar Ƙofar Mata ta kafu tun 1498. Marini yakan zuba ruwa da toka da sarrafaffen ganyen baba a cikin rami, ya yi ta motsawa kwana da kwanaki har ruwan ya nuna, sa'an nan ya fara tsoma zane. Bayan an daɗe ana rini ƙarfin babar yakan ƙare, sai a kwashe ruwan. Abin da ke kwance a gindin ramin, wata laka mai kauri da wari, shi ake kira katsi. Ga wanda bai sani ba, ƙazanta ce kawai. Marini kuwa yakan kwashe ta, ya cura, ya shanya, ya ƙone ta har ta zama gari mai haske. Wani kaso na garin yana komawa cikin sabon haɗin rini. Sauran kuma shi ne uwar laso.

Laso siminti ne na gargajiya wanda ruwa ba ya ratsawa. Ana haɗa ƙonannen katsi da ruwan dafara mai yauƙi, da kashin doki, da gashin jima. Shi gashin jima sharar wata sana'ar ce. Majemi yakan jiƙa fatar akuya a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare shi ya tara gefe, kafin ya jeme fatar da 'ya'yan bagaruwa ya rina ta ja da karan dafi. Irin wannan jar fata ce ayari ke ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, don a can suke sayen ta. Gashin da aka kankare ba shi da kasuwa a Tarabulus, amma yana da ita a unguwar magina, domin shi ke riƙe laso ya hana shi tsagewa idan ya bushe.

Da wannan laso ake shafe rufin soro da bangon da ke fuskantar ruwan gabas. Da shi kuma ake shafe cikin ramin karofi kansa. A nan ne da'irar ta rufe: sharar rami ita ce ke gina sabon rami. Philip Shea, masanin tarihi da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna a kundin digirinsa na 1975 cewa wannan dabara ce ta sauya girman sana'ar. A da a cikin manyan tukwanen ƙasa ake rini, kuma tukunya tana da iyakar girman da maginin tukwane zai iya ginawa ya gasa. Da aka gane shafe rami da laso, sai aka sami damar haƙa ramin da zurfinsa ya fi tsayin mutum, mai ɗaukar ruwa da baba masu yawa, mai kuma daɗewa yana aiki. Kuɗin rina kowane zane ya sauka. Marina suka bazu a garuruwa irin su Kura da Bunkure, har ramukan rini a ƙasar Kano suka kai dubbai a ƙarni na 19.

Barth ya ga amfanin wannan da idonsa. Ya ƙiyasta darajar tufafin da Kano ke samarwa a shekara da wuri miliyan 300, ya ce kuma abin da ake kaiwa Tumbuktu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300. Rawanin da Buzu ke naɗawa a Agadas, mai sheƙi da ke bar masa shuni a fuska, daga Kura ya fito. Idan muka bi wannan dukiya har gindinta, za mu tarar a kan lakar rami da gashin akuya take zaune.

Misalan ba su ƙare a nan ba. Ɗorawa ta ba da gari a sha, ta ba da kalwa a yi daddawa, kwasfarta kuma aka jiƙa aka sami makuba ta daɓen ɗaki da shafen bango. Ƙwarya ta fashe, gyartai ya ɗinke ta. Ta sāke fashewa, ta zama sakaina. Tukunya ta mutu, tsingaronta ya zama mazubin ruwan kaji, ko a daka shi a zuba a sabon yumɓu. Tsumma ya zama gammo. Katangar da ta rushe aka sāke kwaɓa ƙasarta aka yi tubali.

Abin da Ya Riƙe Tsarin

Ba na son a fahimci cewa kakanninmu sun yi haka ne don sun fi mu son tsabtar muhalli. Matafiyan da suka ga birnin a ƙarni na 19, daga Hugh Clapperton da ya zo a 1824 har zuwa Barth, sun koka da faɗamar Jakara da kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, inda ruwa ke kwanciya, ƙazanta ke taruwa, zazzaɓi ke samun mazauni. Wani kaso na aikin gandaye da ɗaukar kaya kuma a kan bayi yake. Talauci ma yana da hannu: wanda zane ɗaya gare shi dole ya san darajar tsumma. Duk mai son gaskiyar tarihi sai ya ɗauki wannan tare da wancan.

Duk da haka tsarin ya yi aiki, kuma na ga dalilai uku da suka sa. Na farko, kusan duk abin da ke shiga gidan Bakano daga ƙasa ya fito, ƙasa kuma tana iya cinye shi. Fata da auduga da ƙwarya da kaba da yumɓu ba sa buƙatar a ware su kafin a kai gona. Na biyu, tazarar da ke tsakanin mai zubarwa da mai buƙata ba ta wuce tafiyar jaki ta yini ɗaya ba, kuma jakin yana da dalilin shigowa birni ko da babu taki, saboda haka kuɗin dakon ya riga ya fita a kan itace. Na uku, kuma mafi muhimmanci, shara tana da mai ita, tana da mai nemanta. Matar gida ta san tokarta za ta je gonar wane, majemi ya san wanda zai zo ɗibar gashi. Abin da ke da mai nema ba ya kwana a kan hanya.

Duk sauye-sauyen da suka biyo baya, ɗaya daga cikin waɗannan ginshiƙai uku suka taɓa.

Jirgin Ƙasa da Gwangwani

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, dogo kuma ya iso a 1911. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama abin da manomi ke biyan haraji da shi, dalar buhuna ta tashi a bakin tasha. Ta fuskar ƙasar noma, wannan shi ne karo na farko da albarkar gona ta riƙa fita da yawa zuwa inda ba za ta dawo ba. Gyaɗar da mace ta matse a gida takan bar tunkuza, a yi ƙuliƙuli, a ci a garin. Wadda aka loda wa jirgi kuwa a Turai ake matse ta, tunkuzarta ta ciyar da shanun can, takinsu ya zauna a gonakin can. Abin da ya rage wa manomin Kano shi ne harawa da ɓawo.

Jirgin da ya tafi da gyaɗa ya dawo da kayan da suka kashe wasu sana'o'in. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta a 1897, kuma sannu a hankali shi da atamfar Turai suka rage wa karofi kasuwa. Siminti da kwanon rufi suka shigo. Da marina suka ragu, katsi ya ragu. Da siminti ya samu, magini ya daina neman laso. Da aka daina laso, gashin jima ya zama shara ta gaskiya. Sarƙa ce, idan aka cire ƙarfe ɗaya sauran sai su zube. A wannan zamani ne kuma aka sami duba-gari, wanda aikinsa ya koya wa jama'a kallon juji ta fuskar cuta kawai. Yana da hujjarsa, amma daga nan hukuma ta fara ɗaukar shara a matsayin abin da za a kawar, ta manta da cewa abin da za a kai wani wuri ne.

Sai dai hannun mai sana'a bai mutu ba. Baƙin kayan da suka shigo, da suka tsufa, sun faɗa hannun maƙera da maɗinka. Gwangwanin madara ya zama fitilar aci-balbal da ma'aunin kasuwa. Garwar kananzir ta zama ta ɗan garuwa. Tsohuwar taya ta zama takalmin makiyayi, tubunta ya zama guga da igiyar ɗaurin kaya. Gangar mai aka fasa aka yi ƙofa da akwati da kaskon suya, ƙarfen sifirin mota aka ƙera garma da gatari. Daga baya aka koyi narka tarkacen alminiyum a zuba a cikin yashi, a fitar da tukwanen da muke kira na dalma, waɗanda yau babu gidan biki da ba a girka su. Ƙarfe baƙo ne, amma yana narkewa, yana lanƙwasuwa, saboda haka ya sami gurbi a tsohuwar da'ira.

Takin Zamani da Leda

Abu biyu ne suka yi wa tsarin illar da bai farfaɗo daga gare ta ba. Na farko takin zamani. Bayan farin 1973, da kuɗin man fetur a hannu, gwamnati ta shiga raba taki da rangwame mai yawa, musamman daga shirin ciyar da ƙasa na 1976. Buhu ɗaya da mutum zai ɗora a keke ya maye gurbin sawun jaki da dama, kuma amfanin gona ya ƙaru, ba mai musun haka. Amma takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya ƙara wa ƙasa jiki. Toka da kashin dabbobi ne ke sa jigawa ta riƙe laima, ta kuma jure iska. Da aka shiga matsin tattalin arziki daga 1986, rangwamen ya riƙa ja da baya, buhu ya fi ƙarfin talaka, sai manoman kewayen birni suka sāke waiwayar juji. Wani bincike da aka wallafa a 1995 ya tarar suna biyan direbobin tifa don a juye musu sharar birni a gona.

Sai dai jujin da suka dawo suka tarar ba shi ne wanda suka bari ba. Leda ta shigo. Ta kori ganyen da ake ƙunshe tsire da daddawa, ta kori kwando da ƙwarya, kuma daga shekarun 1990 ruwan leda ya zama abin shan birni. A cikin sharar yanzu akwai fasasshiyar kwalba da mataccen batir da allurar asibiti. Na sha ganin gonakin da ke gefen hanyoyin fita Kano da bazara, an baza taki, iska ta kwashe ƙurar, ta bar ledoji suna kaɗawa a jikin kututturen kara kamar an shuka su. Manomi sai ya sa yara su tsince, ko ya ƙone, ya shaƙi hayaƙin. Mahauta sun saba fasa tumbin saniya su tarar da dunƙulen leda. Wadda ba ta je gona ba kuwa ta toshe magudana, ruwan Agusta ya shiga gidaje.

Majemar zamani ma ta bi wannan hanya. Masana'antun fata da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa da sinadarin kuromiyam suke jima, ba da bagaruwa ba, kuma ruwan da ya fito daga irin wannan jima guba ne ga kogi da lambun da ake ba ruwa da shi. Sharar majemin da ta gina rufin soro. Ta magajinsa sai an kashe kuɗi kafin a raba ta da illa. Birnin kuma ya yi girman da jaki ba zai iya ratsa shi ya dawo a yini ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4. Ginshiƙi na farko da na biyu duk sun faɗi.

Magada da Ba a Sani Ba

Ginshiƙi na uku bai faɗi ba, kuma waɗanda ke tallafe da shi su ne 'yan jari-bola da 'yan gwangwan. Yaron da ke yawo da buhu da sandar maganaɗisu, da mai tura kura yana musayar sababbin robobi da tsofaffin tukwane a ƙofar gida, da dillalin da ke zaune gaban sikeli, da mai injin niƙa roba, da mai tirelar da ke kai ƙarfe masana'antun narkawa a kudu, dukansu sarƙa ɗaya ce. Aikin da mai jaki ya yi shi suke yi: gano wanda ke neman abin da wani ya yar, da kai masa. Duk abin da ke da farashi a kan sikeli, ƙarfe ne ko tagulla ko gorar ruwa, ba ya daɗewa a bola. Abin da ya rage yana toshe kwata shi ne wanda ba a sa masa kuɗi ba.

Sana'ar tana da tabonta. Akwai ɓata-gari da ke fakewa da ita su sace wayar lantarki da murfin kwalbati, har wasu hukumomi suka hana ta a yankunansu. Akwai ƙananan yara da ya kamata a ce suna makaranta, suna tona shara da hannu ba safa, suna ƙona waya don fitar da tagulla. Amma korar mai sana'a saboda ɓarawo kamar rushe kasuwa ne don an kama ɗan sane. Ranar da suka daina fita, birni zai san yawan abin da suke ɗauke masa kyauta.

Kammalawa

Ba mai hankalin da zai ce a koma zamanin jaki da aci-balbal. Abin da tarihin nan ke bayarwa shi ne ma'auni. Duk shirin sarrafa shara da aka kawo mana, daga gida ko daga waje, ana iya auna shi da tambayoyin da Kano ta riga ta amsa sau ɗaya. Shin ƙasa za ta iya cin wannan abu, in kuwa ba za ta iya ba, wa zai karɓe shi? Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, domin sun ga abu ne da ba shi da mai karɓa. Shin an raba toka da ɓawon kayan miya da kashin dabbobi daga leda da kwalba tun daga tsakar gida, yadda manomin Ungogo ko Kumbotso zai sami taki mai tsabta kamar wanda kakansa ya samu? Shin motar da ta kawo kayan gwari birni za ta koma fayau? Shin mai tsintar ya sami rajista da safar hannu da farashin da ba a zalunce shi ba?

Da tsohuwar zuma ake magani. Mutanen da suka mayar da lakar rami da gashin akuya siminti, suka gina kasuwar tufafin da ta kai Tumbuktu, sun bar mana hanyar tunani wadda ta fi laso daɗewa: kafin ka kira abu shara, tambayi wanda ke maƙwabtaka da kai ko yana nemansa. Ƙasar da ta ciyar da Kano shekaru ɗaruruwa ba hutu ta yi haka ne don ana mayar mata da abin da aka karɓa. Ko za ta ciyar da jikokinmu, ya danganta da abin da muke zuba mata yau.